Jan Fenti a Bakin Famfo

Ruwan da ke cikin 'yar kwalbar sai da ya yi minti ashirin yana shawara kafin ya yanke mana hukunci. Ɗalibin ya zare siririyar takardar da ya saƙala a murfin, ya kara ta da wani kati mai launi-launi, ya ɗaga kai ya dubi malamarsa. Takardar da ta shiga fara fat ta fito kamar an tsoma ta a shayi. Ni ko kallona bai yi ba. Ya buɗe gwangwani, ya tsoma buroshi, ya shiga shafe bakin famfonmu da jan fenti a tsanake, har yana gyara gefe da gefe kamar mai zana wa amarya lalle.

Famfon nan mijina Sobhan ne ya sa aka kafa shi a shekarar da ruwan kududdufi ya kashe mana ɗan fari da gudawa. Tun daga lokacin nake ganin ko ba mu yi komai daidai a rayuwa ba, wannan dai mun yi. Shekara goma sha biyu ina tuƙa shi safe da yamma, ina yi wa masu shan na kududdufi gori a zuci.

"Apa, laifin me ya yi?" na tambayi malamar.

Dokta Nasrin ake ce mata, daga jami'ar birni ta zo da ɗalibanta. Amma tun da ta cire takalmi ta zauna a kan tabarmata na koma kiranta Apa, yadda nake kiran yayata.

"Guba ce a ruwan, Morjina, daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. Asenik sunanta. Ba a ganinta, ba a jin ta a baki, tafasawa ma ba ya korar ta. Warin ƙarfen nan da kuke ji daban ne, ba shi ke kisa ba."

Ta ce tana son ganin hannun Sobhan. Ya daɗe rabonsa da miƙa wa wani hannu. Tafinsa ya cika da ƙuraje masu tauri kamar an cusa masa tsaki a ƙarƙashin fata, ƙirji da baya duk ɗigo-ɗigon baƙi, tafin ƙafa kuwa ya tsattsage har ya jingine kekensa na dako. Mutanen garinmu Shalikpara tuni sun gama nasu binciken ba tare da wata kwalba ba, sun ce kuturta ce. Mai shayin bakin masallaci har kofi ya ware masa, mai tsagaggen baki, wanda ake ajiyewa a ƙarƙashin benci.

Apa ta riƙe hannun da hannuwanta biyu, babu safar roba.

"Ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Ruwa ne ya yi maka haka."

Sobhan ya juya fuska bango. Na san kuka yake, sai na yi kamar ina neman wani abu a kicin.

'Yarmu Moyna, mai shekara tara, ta laɓe a bayan ayaba tana leƙe. Apa ta yafito ta, ta buɗe mata tafi, ta kai shi haske, ta shafa da babban yatsa. Babu komai sai tawadar makaranta.

"Mijinki za mu ba shi abin da zai rage masa wahala," in ji ta, tana naɗe yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya. "Wannan kuwa ban ga komai a jikinta ba tukuna. Ita za ki tsare. Kar ta ƙara shan ruwan nan."

"To wanne za ta sha?"

Zuwa la'asar sun gwada famfo ashirin da shida a unguwarmu, gwangwanin koren fenti, na famfo mai lafiya, ko buɗe shi ba su yi ba. Apa ta tara mu ta ce jami'a za ta haƙa mana rijiyar burtsatse mai zurfi, wadda za ta wuce gubar ta tarar da ruwa mai kyau.

"Guda ɗaya tak muke da halin haƙawa," ta ce. "Kuma ba mu za mu zaɓi wuri ba, ku ne. Mun daina zuwa gari muna yi wa mutane abu ba da bakinsu ba."

* * *

Takardar jami'a ta ce a kafa kwamitin mutum bakwai, kuma dole a sa mace ɗaya. Ni aka sa, saboda na yi aji biyar, na iya rubuta sunana ba sai an dangwala mini yatsa ba. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Kwana uku ina tafiya kamar wadda aka ba sarautar gunduma.

Mu mata tuni mun gama namu taron a matakalar kududdufi, wurin wanki. Ba a yi dogon musu ba. Akwai fili a gindin tsohon mangwaro, a tsakiyar unguwa, ta bayan gidaje, inda kowace mace za ta iya bi ta lungu ta isa ba tare da ta haɗu da namiji ba. Na haddace abin da zan faɗa. Ina tsintar shinkafa ina maimaitawa, ina shara ina maimaitawa, har Moyna ta iya, ta riƙa kwaikwayona tana riƙe ƙugu.

Ranar taro na sa sarina mai ruwan ganye, dogon zanen da muke naɗawa har ka, na nufi filin makaranta. An jera bencina, maza sun cika, mata suna can bayan shingen karan rama suna leƙe ta kafa. Aka nuna mini kujerata a gaba. Ina ɗaga kai na ga wanda aka zaunar a kujerar shugaban kwamiti.

Haji Motaleb ne, wan mijina, wanda muke kira Babban Yaya. Ko yanzu da na faɗi sunan sai da harshena ya yi nauyi. Shekara goma sha biyar da aurena bai taɓa jin muryata ba. In na ji tarinsa a ƙofar gida sai in ja bakin sari in rufe fuska, in juya baya har ya wuce. Ba gaba muke ba, ba kuma dukana zai yi ba. Haka uwata ta yi da wan ubana, haka kowace matar ƙani ke yi a garinmu, wadda ta saɓa kuwa sunanta mara tarbiyya har jikokinta. Ban da haka, tun da Sobhan ya kwanta, shinkafar da muke ci daga rumbun Babban Yaya take fitowa.

Na ja sari har haɓa. Daga nan abin da nake gani kawai ƙafafun mutane.

Maza suka yi ta ja-in-ja, wannan ya ce ƙofar gidansa, wancan ya ce gonarsa. Can Babban Yaya ya yi gyaran murya.

"A kafa shi a ƙofar masallaci, bakin kasuwa. Filin Allah ne, ba wanda zai wayi gari ya ce nasa ne ya sa kwaɗo."

Wuri ya ɗauki "haka ne, haka ne". Na ji muryar Apa ta saki. A wani gari, in ji ta, a gidan mai kuɗi aka haƙa, wata uku ya kewaye da katanga. Wannan shawara ta yi mata. Sai na ga takalmanta sun juyo wajena.

"Morjina, ke ce bakin mata. Me kika ce?"

Maganar tana nan a bakina, duka, har da mangwaron. Na ji ta tana tokarin haƙorana. Ta bayan shinge wata ta yi ƙaramin tari, na gane tarin Shefali maƙwabciyata, tana nufin ki faɗa mana. Amma taku uku tsakanina da ƙafafun Babban Yaya, ina ganin farcen babban yatsansa da ya tsage.

"Morjina, ki saki jiki, nan kowa ɗaya ne. Kin yarda da ƙofar masallaci?"

Kowa ɗaya ne. A birni aka haife ta, a bene, ubanta alƙali. Al'adar nan ta sani, amma sanin littafi, ta ɗauka da kakanninmu aka binne ta. Ba ta kuma san cewa mai farin gemun da ke kan kujera wan mijina ba ne, don takardarsu ba ta da gurbin wannan tambayar.

"Kunya ce da ita," in ji Babban Yaya, da murya mai taushi, yana kallon sama. "Matar ƙanena ba ta da ja-in-ja, 'yar mutunci ce."

Ɗalibin nan mai buroshi, Tanbir, shi ke rubutu. Na ji biro yana tafiya. Aka miƙo mini takarda ta ƙarƙashin sari, na rubuta sunana da kyakkyawan rubutun da nake taƙama da shi.

A hanyar gida Shefali ta ce, "Da mun sani da akuya muka tura, ita ko ba komai za ta yi kuka."

Ta fi ni gaskiya.

* * *

Kwana goma sha ɗaya masu haƙa suka yi. Aka yi dakalin siminti, aka kafa famfo sabo fil, Tanbir ya buɗe gwangwanin kore a karon farko. Ranar buɗewa aka kori maza gefe, aka ce in zo in tsaya da tulu a ɗauki hoto. Na tuƙa, ruwa ya zubo garau, babu warin ƙarfe. Na ɗauko tulun nan a ƙugu zuwa gida kamar na ɗauko jariri. Kwana biyu ya yi mana.

Daga nan famfo ya koma hannun masu shi. Ta dama shagon mai shayi ne da bencinsa uku da ba sa rabuwa da maza, ta hagu mai aski, a gaba tashar kekuna. Da asuba masallata, da hantsi 'yan kasuwa, da azahar masallata, da yamma kowa da kowa. Na lissafa sa'o'in yini kaf ban sami wadda wurin ke zama babu namiji ba. Ruwan da aka nutsa ƙafa ɗari bakwai aka nemo ya zama na alwala da wankin babur. Ƙafafun mazan Shalikpara ba su taɓa yin tsabta irin ta wannan shekarar ba.

Mu kuwa muka koma jan famfonmu. Da damina na tara kwanoni a ƙarƙashin rufin kwano, muka sha na sama. Damina na wucewa hankalina ya koma tashi. In ina dafa shinkafa sai in tsaya ina kallon tukunya kamar zan hango gubar tana iyo. Kowace safiya, kafin Moyna ta tafi makaranta, sai na kamo hannunta na kai haske, har ta fara ɓoye shi a baya.

"Amma, kin duba jiya fa," ta ce. Amma muke ce wa uwa a garinmu.

"Jiya daban, yau daban. Kawo."

Wata rana na ce, "Baban Moyna, ko za ka gwada?"

Namiji ba ya ɗaukar tulu a garinmu, amma ya tashi. Ya naɗe ƙafafunsa da tsumma, ya ɗauka, ya tafi yana ɗingishi. Tafiyar da lafiyayye ke yi a minti ashirin, da gadar gora guda a tsakani, sai da ya yi awa biyu. Ya dawo da rabin tulu, tsumman ƙafarsa ya jiƙe da jini.

"Me suka ce maka?"

"Ba komai."

Shefali ce ta ba ni labari. Wai mai aski ya ce, "Sobhan, saura sari da awarwaro, ko Morjina ba ta ara maka ba?" Wani kuma ya ce a wanke hannun famfon da toka tunda ya taɓa. Bai sake zuwa ba, ni ma ban sake roƙonsa ba.

Sai na je da kaina. Na zaɓi tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya fita. Na rufe fuska, na haye gada. Mutum huɗu ne kawai a bencin mai shayi. Hirarsu ta tsaya cak. Ba wanda ya ce mini kanzil, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Kowace tuƙawa sai sarina ya zame, in saki famfo in gyara, su kuma suna kallo. Na cika tulu na juyo ina jin idanunsu a bayana har gada.

Kafin in sauke tulun labari ya riga ni isa. Faccalata Anowara, matar Babban Yaya, tana tsaye a tsakar gidana.

"Maman Moyna, yayanku ya ce a tambaye ki, mutuwa ya yi da matar ƙanensa za ta je tana rangaji a gaban 'yan tasha?"

"Yaya, ruwa na je ɗiba, ba rawa ba."

"Mu da muke shan na gida mutuwa muka yi? Shekara talatin ina sha, ga ni nan garau." Ta rage murya. "Ki rufa wa kanki asiri. Wanda ke auno muku shinkafa ba a kunyata shi a kasuwa."

Ta juya za ta fita, na ga ɗigon baƙi uku a bayan wuyanta. Na buɗe baki, na rufe. Na ƙware a wannan.

Dabara ɗaya ta rage mini. Makarantar su Moyna tana bayan masallaci, kuma yarinya ƙarama ba wanda ke kallonta. Tulu ya fi ƙarfinta a kan gada, sai na samo kwalbar roba babba, na ɗaura mata igiya.

"In an tashi ki cika ta. Wannan ruwanki ne, ke kaɗai. Ko ni na roƙa kar ki ba ni. Jan famfo kuwa in na ga bakinki a wurin sai na karya ki. Kin ji?"

"Na ji, Amma."

Kullum kwalbar ta zo a cike, ta wayi gari babu komai, ni kuma in sami ɗan barci. Sobhan ma ya ɗan murmure a watannin. Har ya ce mini wata rana, "Ruwan nan kwana biyu ya daina warin ƙarfe." Na ce maganin Apa ne ya canza masa harshe, na ci gaba da yankan kabewa.

* * *

Bayan wata takwas Apa ta dawo. Ɗalibanta sun zauna yini biyu a shagon mai shayi suna ƙirga masu ɗibar ruwa, ba su ƙirga mace ko ɗaya ba. A matakalar kududdufi ta same ni ina wanki. Ta tattare sarinta ta zauna a jiƙaƙƙen dutse, fuskarta ba annuri.

"Morjina, me ya faru? Ke kika sa hannu."

Watanni ina dafa amsar nan a cikina, ban yi zaton za ta fito da zafi haka ba.

"Apa, a gidanku wa ke ɗebo ruwa?"

"Famfo ne a cikin gida."

"To a nan mu ne famfon. Kun tara masu wanke ƙafa kun tambaye su inda za a sa ruwan sha. Ni kuma kika tambaye ni a gaban wan mijina."

Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don sai da ta dafe baki.

"Haji wan mijinki ne?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Me ya sa ba ki same ni daga baya ba?"

"Motarku ta tashi kafin in gama gyara sari. Da kin zo nan, wurin da kike zaune yanzu, da mata talatin sun faɗa miki gindin mangwaro kafin ki cire takalmi."

Ba ta kare kanta ba, wannan na yaba mata. Ta ce laifinsu ne, sun zo da takarda mai gurbin mace ɗaya sun ɗauka sun ji bakin mata. Ta ce akwai hanya: a sa inji da tanki a bakin rijiyar, a ja bututu zuwa gindin mangwaro. Amma sai shugaban kwamiti ya yarda.

A tsakar gidan Babban Yaya aka zauna da yamma. Yana kan kujera, Apa a kan tabarma, ni ina bayan shingen kicin, Moyna a jikina. Apa ta yi bayani, ya saurara yana shafa gemu.

"Malama, ni ban ga matsala ba. Matan gidanmu ba su kawo ƙara ba."

Na tura Moyna bakin shinge, na dafa kafaɗarta, na ɗaga murya yadda za ta tsallake kanta.

"Moyna, ki faɗa wa Baffanki, hannun ƙanensa ruwa ne ya cinye shi. Ki ce masa ya dubi bayan wuyan matarsa. Ki ce masa ni ba kasuwa nake sha'awa ba, ke nake so ki kai shekarunsa da hannunki lafiya."

Anowara ta kai hannu wuyanta. Moyna ta tsaya tsuru-tsuru, ba ta san ko ta maimaita ba. Babban Yaya ya dubi yarinyar.

"Moyna, ki faɗa wa uwarki, ranar taro sau biyu aka tambaye ta. Da ta aiko ki tun a lokacin, ko ta faɗa wa Anowara, da ban kai shi masallaci ba. Ni ban taɓa ɗaukar tulu ba, ina zan sani?" Ya juya ga Apa. "Ku ja bututunku. Filin mangwaro ma nawa ne, na bayar."

Da ya yi faɗa da na sami wanda zan tsana. Sai ya bar ni da kaina.

Na raka Apa har bakin hanya, ƙafata kamar ba ta taɓa ƙasa. Ita ce ta riƙa jan jiki.

"Morjina, ba zan yi miki ƙarya ba. Aikinmu na shekara biyu ne, ƙarshen watan nan yake rufewa. Zan rubuta, zan bi ofis-ofis, zan nemi a sabunta. Amma yau ba ni da inji, ba ni da bututu."

"Me ya rage muku?"

Ta kasa haɗa ido da ni.

"Fenti. Na bakin famfunanku ya koɗe, gobe Tanbir zai bi ya sabunta, don kar yara su manta."

* * *

Washegari da hantsi ya zo, ya gaishe ni da ladabi, ya shafe bakin famfon da sabon ja mai sheƙi. Ya ce kar a taɓa sai ya bushe. Na tafi taya Shefali shanyar shinkafa, ban dawo ba sai bayan azahar.

Moyna ta riga ta dawo daga makaranta, tana zaune a bakin ƙofa tana aikin gida. Ta ɗago ta yi mini murmushi. A haɓarta akwai ja, a gefen leɓenta akwai ja. Ta ga inda nake kallo, ta tura hannun dama ƙarƙashin littafi.

"Kawo."

Tafin ya yi jawur, daidai inda yaro ke tara hannu a bakin famfo ya kafa baki.

"Ina kwalbarki?"

Ta dubi ɗaki. Na leƙa. Sobhan yana barci, butarsa ta ƙasa tana gefen gado cike da ruwa garau, kwalbar robar tana jingine a bayanta babu ko ɗigo.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika ba ni ita, don na ga yadda ƙafarsa ta yi jini." Muryarta ta yi ƙasa. "Baba ya fi ni ciwo, Amma. Ni ba abin da ke damuna. Kar ki faɗa masa, ya ɗauka na famfo ne."

Na yi alkawarin karya ta, amma hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na zaunar da ita a kan turmi, na ɗauko kananzir da tsumma, na kama tafin na shiga gogewa. Fentin bai gama bushewa ba, yana fita ba wuya. Na goge yatsu, na goge tsakiya, fata ta fito. A gindin babban yatsa tsumman ya riƙa saƙalewa. Na ƙara kananzir na sake bi. Jan ya tafi duka, amma na ji su a ƙarƙashin yatsana, ƙanana guda huɗu, masu tauri kamar tsaki.

"Amma, ya fita?"

"Saura kaɗan," na ce, na ci gaba da gogewa.